Hajiya Mu'mina Ta Faɗi Sunan Ɗan Fari

Duk faɗin Briqueterie, unguwar nan ta Yawunde da 'yan cikinta ke ce wa Birik, in ana neman wadda za a buga misali da ita a kan kunya, Hajiya Mu'mina ake kamawa. Mace ce da ba a taɓa jiyo dariyarta daga zaure ba. Ko tari ya taso mata sai ta kai bakin mayafi. Tun da kuma ta haifi ɗanta na fari, Siddiƙ, shekara arba'in da ɗoriya ke nan, sunansa bai taɓa ratsa leɓenta ba. Haka aka gada daga kakannin da suka taso daga Kano da fatauci: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma nuna ta san yana duniya. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, a cikin gida ɗaya. Kakar ce Innarsa. Wadda ta haife shi kuwa Yaya yake ce mata, ita kuma in ta kama dole sai ta ce "wancan."

Siddiƙ ya girma ya zama mai tsire, tukubarsa na bakin titi, furfura har ta fara leƙo masa a gemu. In ka tambaye shi zai ce ai al'ada ce, bai riƙe komai a zuci ba. Ƙarya yake, ya riƙe. Yana ɗan ƙarami ya taka fasasshiyar kwalba a tsakar gida, ta tsarge masa tafin ƙafar hagu, jini ya yi ta tsartuwa. Uwarsa na zaune a gefe tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta kau da kai, ta ci gaba da kaɗa rariya, har sai da kaka ta fito ta ɗaure ƙafar da tsumma. Tabon na nan har yau, da damina yana yi masa ƙaiƙayi, kuma duk lokacin da ya sosa sai ya ji ƙarar rariyar nan.

To, ana nan sai tsautsayi ya faɗa. Hajiya ta hau benskin, wato acaɓa, za ta kasuwar Mokolo, an yi ruwa, titi ya yi santsi, yaron babur ya kwaso gangara kamar an biyo shi. Suka zube. Goshinta ya daki bakin kwata. Ta yi kwanaki a asibiti ba ta san wanda ke kanta ba, sannan ta farka, hannu lafiya, ƙafa lafiya, ta gane kowa, har ta tambayi inda jakarta take. Unguwa ta yi ta barka, aka yi sadakar ƙosai. Ashe an yi saurin murna.

Matar da ta dawo gida ba ta iya zama. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta leƙa madafa, ta koma. Duk abin da idonta ya sauka a kai sai hannunta ya ɗauka ya yi aiki da shi: in tsintsiya ce ta hau shara ko da yanzu aka share, in kofin baƙo ne ta ɗaga ta shanye, in tabarau ne a kan tebur ta ɗora a kan nata. Baki kuwa, wa iyazubillahi! Matar liman ta zo dubiya, Hajiya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke kuwa wannan ƙiba ina za ki kai ta?" A gidan makoki ta ga mai kuka ya share majina da hula, ta tuntsire da dariya har da buga cinya. Ba ta manta sallah ba, ba ta manta sunan jika ko ɗaya ba. Kunyar ce kawai aka zare mata kamar yadda ake zare tsinke daga nama.

Wata la'asar Siddiƙ na bakin tukuba yana barbaɗa yaji, masu saye sun yi cincirindo, hayaƙi na shiga idon kowa, sai ya ji daga tsallaken titi:

"Siddiƙu!"

Ya san muryar, amma bai san ta da wannan kalmar ba. Wuƙa ta kusa suɓuce masa. Ga ta nan tsaye tsakanin motocin tasi, mayafi a kafaɗa, takalmi wari da wari, tana ɗaga masa hannu kamar wata ƙawarsa.

"Siddiƙu! Kai Siddiƙu!"

Mahautan da ke kusa suka sunkuyar da kai. Wani dattijo ya ce, "Innalillahi." Shi kuwa Siddiƙ ya ajiye wuƙar. Yaya ake amsa wannan kira? Wa ya taɓa koya masa? Ya tsallaka, ya kama gefen mayafinta, ya mayar da ita gida. Daga ranar kuwa ta samu abin yi. Da safe Siddiƙu, da rana Siddiƙu, a zaure, a titi, a gaban surukai. Bai amsa ko sau ɗaya ba. Sai dai wani abu da ya ɓoye ko ga matarsa Jamilatu: in ya fita Etoudi sayen nama tun da sassafe, a cikin tasi, kiran ne ke ta yi masa amo a kunne, kuma ba ya so ya daina.

Shi da ƙanensa Baballe suka mayar da ita asibiti. Baballe shi ne ɗan bokon gidan, yana da shagon waya, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, shi ya sa ma yake ce wa wansa "Gran", wato babba, irin na 'yan birni. Likitar, wata mace mai gajeren gashi, ta ɗaga hoton kan Hajiya wajen taga ta nuna musu wani duhu a bayan goshi.

"Ce n'est pas la folie," in ji ta, Baballe na mayarwa da Hausa. "Ba hauka ba ne. Nan wurin da ya ƙuje, shi ne birkin mutum. Shi ke ce maka tsaya, kar ka faɗa, kar ka taɓa, ana kallonka. Injin lafiya lau, birki ne ya tsinke. Kun dai san mota babu birki a gangaren garin nan."

"Zai gyaru?" in ji Baballe.

"Zai iya raguwa. Ya koma kamar da, ban yi muku alkawari ba. A rage mata hayaniya, a kawar da wuƙa da wuta daga gabanta, kar a yi mata tsawa, kar a kulle ta."

Siddiƙ ya daɗe yana murza hularsa kafin ya tattaro ɗan Faransancinsa na kasuwa ya yi tambayar da kansa, don ba ya so ta bi ta bakin ƙanensa. Ya ce abin da uwarsa take faɗa, nata ne ko na ciwon ne?

Likitar ta dube shi da kyau. Ta ce, "Ciwo ba ya koya wa mutum magana. Wani abin ya daɗe a cikinta. Wani kuwa ido ne ya gani, baki ya faɗa, shi ke nan. Ni ba zan iya tsince maka wannan daga wancan ba."

Ya fito da wannan amsa da ba ta ƙosar ba ta kuma bar shi da yunwa ba.

Amma Birik ba ta karanta hoton asibiti. Birik na da nata likitocin, a kowane zaure akwai uku. Babbarsu ita ce Gwaggo Hawwa, ƙanwar marigayi mahaifinsu, tsohuwa mai sanda da carbi, wadda in ta yanke magana ba a ɗinkewa. Ranar da Hajiya ta shiga shagon wani tela ta hau kekensa ta ɗinke hannun rigar mutane, Gwaggo ta tara 'ya'yan a zaure.

"Ku bar ni da zancen birki," in ji ta. "Mu'mina mota ce? Tare muka tsufa a gidan nan. Zagi, dariya, ɗauke-ɗauke, duk na ji, buguwar kai na iya sa wannan. Amma sunan ɗan fari? Wallahi ko wuƙa aka ɗora mata a wuya, Mu'mina ba za ta faɗi sunan nan ba. Wanda ke kiran ka, Siddiƙu, ba uwarka ba ce. A bakin kwatar nan wani abu ya shige ta. Kai ma jikinka ya ba ka, shi ya sa ba ka amsawa. Kar kuwa ka kuskura ka amsa!"

Akwai wani malami a bayan Ngaundare, in ji ta, da ake kai wa irin waɗannan. A sa ta a jirgin ƙasa, a kai ta, a bar ta can sai abin ya fita. Baballe, da duk bokonsa, ya gyaɗa kai. Ba aljanin ne ya dame shi ba, shi dai ya gaji da nuna shi da ake yi da baki a unguwa. "Gran, kai ne babba," ya ce. "Mama ta zama abin kallo. Jiya yara na bin ta suna tafi. Gobe mota ce za ta kwashe ta."

Siddiƙ ya san irin gidan da ake nufi. Ya taɓa kai wani abokin sana'arsa, ya ga mari a ƙafafun mutane, ya ga inda ƙarfe ya ci fata. Ya tuna likita ta ce kar a kulle ta. Amma idon Gwaggo na kansa, idon ƙannensa na kansa, kuma can ƙasan ransa akwai tsoron da ya fi duka: in fa Gwaggo ce da gaskiya? In fa abin da yake ɗauka zuwa Etoudi kowace safiya yana jin daɗinsa a ɓoye ba muryar uwarsa ba ce? Ya ce, "To, Gwaggo."

Jamilatu na ninke kayan tafiyar. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ya daka mata tsawa, abin da bai saba ba, ya fice.

Ranar tafiya bai hura wuta ba, ya bar tukuba a rufe. Jirgin na yamma ne. Tun azahar hadari ya haɗo ta kan duwatsu, garin ya yi duhu, shi ma ya kasa zama: ya duba igiyar akwati, ya fita zaure, ya dawo ya sake duba igiyar da ya duba. Jamilatu ta shiga wanka, Baballe ya tafi neman tasi, Gwaggo ta ɗan gyangyaɗa a kan darduma. Ko da aka farga, ƙofar gida a buɗe, Hajiya ba ta.

Sai ruwa ya kece.

Wanda bai san Birik da ruwa ba bai san wahala ba. Lunguna ƙanana kamar hanjin kaza, kwata ta cika ta tumbatso, jan laka na kama ƙafa. Siddiƙ ya faɗa ciki haka nan. Ya leƙa shagon telan nan, ba ta. Ya leƙa gidan liman, ba ta. Masu sayar da atamfa suna ta janye kaya daga bakin rumfa, ya tambaye su, wata ta ce ta ga wata tsohuwa ta yi wajen Mokolo, wani ya ce a'a, gangare ta yi. Ya ruga Mokolo. Kasuwa ta rikice, masu baro na ture mutane, kowa na ihu da yarensa, ya yi tambaya da Hausa, ya yi da Fulatanci, ya yi da guntun Faransancinsa: tsohuwa, doguwa, tabo a goshi. Kowa ya girgiza kai. Ya tsaya a bakin babbar kwata yana kallon ruwa na tafiya da robobi da ɓawon ayaba. Ya buɗe baki zai ƙwala mata kira, sai ya rasa da wane suna. Yaya? A cikin kasuwar nan yaya dubu ce. Wajen tsallake wata kwata laka ta cafke silifarsa ta hagu ta haɗiye, bai ko tsaya nema ba.

Ya juyo unguwa yana ɗingishi, jiƙe sharkaf, yana faɗa wa kansa cewa shi ya jawo. Tun shekaranjiya ake ɗaure akwati a gabanta, an ɗauka ba ta gane ba? Birki ne ya tsinke, ba hankali ba.

Wuri ɗaya ne bai duba ba, don ya san a rufe yake. Yana shawo kwanar titinsu ya hango ta. Tana zaune a kan bencin tukubarsa, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, ta samu maficinsa tana ta fifita gawayin da babu wuta a cikinsa.

"Siddiƙu!" ta ce da fara'a, kamar sun yi alƙawari. "Wutarka ta mutu."

Ya zube a ɗaya gefen bencin yana haki, ya miƙe ƙafar da ba takalmi, ruwan indararo na zuba a kanta yana wanke lakar. Masu fakewa a rumfunan kusa duk suka zubo ido. Can sai ga tasi ta tsaya, akwati a bayanta, Baballe ya fito da lema, Gwaggo Hawwa na biye da sandarta tana salati.

"Alhamdulillahi! Ku kama ta, lokaci na tafiya," in ji Gwaggo.

Hajiya ba ta ko dube su ba. Idonta ya sauka a kan ƙafar nan, kuma abin da idonta ya sauka a kai hannunta ba ya bari. Ta yar da mafici, ta durƙusa a cikin laka, ta cafko ƙafar ɗanta ta ɗora a cinyarta. Namiji mai furfura, a bakin titi, a gaban mahauta! Ya yi yunƙurin janyewa, ta riƙe gam. Ta juya tafin, ta sa bakin mayafinta ta goge, ta bi tabon da ɗan yatsa tun daga dunduniya har tsakiya.

"Kwalbar man ja ce," ta ce. "Koriya. Ni na ajiye ta a bakin magudanar ruwa, na ce zan ɗauke, na manta."

Siddiƙ ya daina jan ƙafar.

"Na ga jinin. Inna na ɗaki, Hawwa na bakin murhu tana kallona, ta ga ko zan tashi." Ta ɗaga kai ta nuna Gwaggo da haɓa, ba fushi, kamar mai ba da labarin farashin gero. "Ga ta nan, ta sani. Garin nan da na tankaɗe, zubar da shi na yi, duk ya jiƙe da hawaye. Ba a ci tuwo da wuri ba ranar."

Gwaggo Hawwa ta bar salati. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta dubi titi, ta dubi ruwa, ta ce a hankali, "An yi haka."

Hajiya ta koma kan tabon, ta hura masa iska kamar yadda ake yi wa yaro.

"Da zafi?"

Shekara arba'in yana jiran wannan tambaya, yau ta zo, a bakin titi, daga bakin matar da ta ɗinke hannun rigar mutane. Ko ciwon ne ya buɗe ƙofar, abin da ya fito daga ɗakin ba baƙo ba ne. Wane aljani ne ya san launin kwalba? Hawaye suka haɗu da ruwan sama a gemunsa, bai kuma damu da wanda ya gani ba.

"Da zafi, Yaya," ya ce. "Amma ya warke."

Direban tasi ya danna oda. Baballe ya dubi agogon wayarsa ya matso. "Gran, jirgi fa ba ya jira."

"Ya tafi."

"Gran…"

"Sauke akwatin nan, Baballe. Ba inda za ta. In yara sun bi ta, ni za su bi, don ina bayanta. In tukuba take so, ga benci, a nan za ta zauna, wuƙaƙe kuma na san inda zan ɓoye su." Ya juya wajen Gwaggo, ya sassauta murya. "Gwaggo, ki yi haƙuri. Ƙafar da ta riƙe tawa, ba za a sa wa tata mari ba ina raye."

Kada ka ɗauka a nan Hajiya ta warke. Ina! Tana sakin ƙafar ta hango lemar Baballe, ta fizge ta rufe ta buɗe, ta rufe ta buɗe, ta ce wa direban tasi hancinsa kamar murfin buta. Mutane suka kwashe da dariya, Baballe ya rufe fuska. Sannan ta miƙe za ta faɗa titi, Siddiƙ ya riƙo hannunta, hannun da bai taɓa riƙewa ba, suka kama hanyar gida, shi ƙafa ɗaya ba takalmi, ita tana jan sa gaba don ba ta iya tafiya a hankali.

"Siddiƙu," ta ce.

Gwaggo na bayansu, yana jin ƙwanƙwasar sandarta. Mahauta na kallo. Ya share maƙogwaro.

"Na'am."

Ba abin da za ta ce masa. Ta yi 'yan taku, ta sake.

"Siddiƙu."

"Na'am."

"Siddiƙu."

"Na'am, Yaya."

Haka suka ratsa Birik har ƙofar gida, tana kira yana amsawa, bai bar ko ɗaya ya faɗi ƙasa ba.